Ɗan aiken da bai san dala ba

Mutanen Zango, ku haɗiye shayin da ke bakinku tukuna, kada dariya ta sa ku ƙware. A yau ɗin nan akwai masu digiri a manyan kamfanoni da jami'o'in Amurka da Sin waɗanda aikinsu shi ne su zauna su auna ko layi uku zuwa huɗu da aka rubuta wa na'ura sun isa su nuna mata yadda za ta yi amfani da kayan aiki. Wasu ne suka ƙera kayan, wasu suka ƙera na'urar. Su ɗan bayanin da ke tsakani kawai suke gwadawa, kuma albashi ake biyansu a kai. Ga shi nan, Alhaji ya taɓe baki, Malam ya nemi tsari, 'yan fada kuwa har sun fara tafawa.

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Garin da 'yan ga-ruwa suka fi famfo cika alkawari, garin da ake kwana ana jiran kuran, shi za a zo wa da zancen na'ura mai zuwa aike? Ku yi haƙuri, iyayena. Haka kuka ce ranar da salula ta shigo, yau da ita kuke kwana a ƙarƙashin matashi. Haka kuka ce da aka fara tura kuɗi ta Nita da Al Izza, wai ku sai kun damƙa a hannun direban da kuka san ubansa. Yau direban ma ta waya yake aika wa iyalinsa na cefane. Ku ci gaba da gardama, ita ce ta hana a cuce ku shekara da shekaru. Sai dai a yi ta a kan sani.

Abin nan da ake kira AI, irin su ChatGPT da Claude da Gemini, ba shi da hannu ba shi da ƙafa. Rubutu ne asalin aikinsa. Shi kaɗai ba zai duba abin da ke asusunka ba, ba zai tura saƙo ba, ba zai san ko motar Agadas ta tashi ba. In ana so ya yi waɗannan, sai a haɗa shi da wasu ƙananan manhajoji, kowace da aikinta guda: wannan ta duba asusu, waccan ta tura kuɗi, ta can ta nemo farashi. Su ake kira kayan aikinsa. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu rubuta manhaja wannan ƙofa. A Nuwamban 2024 Anthropic ya fito da tsarin MCP, don kowa ya iya ɗaura kayansa a jikin kowace na'urar da ta yarda da tsarin, kuma a Maris ɗin 2025 OpenAI ɗin ma ya rungume shi.

Ga inda gizo ke saƙar. Na'urar ba ta ganin cikin kayan. Abu uku ake miƙa mata: sunan abin, ɗan bayani a kan aikinsa, da guraben da za ta cike, kowane gurbi da irin abin da yake karɓa. Da wannan ɗan guntun rubutu za ta yanke shawarar wanne za ta ɗauka, yaushe, da me za ta zuba a ciki. In rubutun ya karkace, aiken ya karkace, ko da kayan da ke ƙasa lafiyarsa lau.

Ku mazauna Zango a nan Zinder bai kamata wannan ya zo muku da mamaki ba, tunda unguwar taku don baƙi aka kafa ta. Sarki da fadawa suna Birni, cikin ganuwar da aka san Sarki Tanimun da ita. Ayarin Buzaye da fataken Gat da Gadamus da Tarabulus kuwa a waje suke durƙusar da raƙuma, a nan Zango. Bafatake yakan iso da wayonsa cikakke. Ya san kaya, ya san kuɗi, ya ƙetare hamada bai ɓata ba. Amma bai san wa ke biyan bashi a garin nan wa ke cinyewa ba, bai san ma'aunin da ake awo da shi ba, bai san dillalin da za a yarda da shi ba. Abin da fatomansa ya gaya masa a daren da ya sauka, a kansa zai yi ciniki. Fatoman da ya iya kwatance, baƙonsa ya ci riba ya dawo masa baɗi. Wanda ya ce "ai ka sani" ya tura baƙonsa hannun 'yan damfara. Shi kansa Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, wanda ya iso Zinder a ƙarshen Disambar 1852 ya yi fiye da wata guda, duk da tarin harsunan da ya iya, da bakin 'yan ƙasa ya riƙa neman hanya. Na'urar nan baƙuwa ce irin wannan, sai dai nata ya fi tsanani ta waje guda. In ba an yi mata wata dabara ta musamman ba, ba ta tuna jiya. Kowane aike daren saukarta ne na fari.

Alhaji na can ƙarshen benci yana cewa, "Yaro, bar zagaye-zagaye, nuna mana." To bismillah, ranka ya daɗe. Mu ɗauka wani matashi a nan Zinder ya haɗa maka irin wannan ɗan aike a salularka. Ya ba shi kayan tura kuɗi, ya rubuta masa bayani kamar haka: "Yana tura kuɗi. Gurbi na ɗaya, mai karɓa. Gurbi na biyu, adadi." Matashin ya karanta, ya ga ba abin da ya rage, ya miƙo maka waya yana murmushi. Kai kuwa ka ce, "Tura wa yaron shago ɗari biyu ya hau kabu-kabu ya ci abinci." Kowa a Zango ya san nufinka: dala ɗari biyu, jikka guda ke nan, sefa 1,000, tunda dala ɗaya sefa biyar ce. Na'ura ta ga "adadi", ta ji "ɗari biyu", ta rubuta 200. Yaro ya duba ya ga dala arba'in, ya ce dama ya san Alhaji maƙo gare shi, amma bai zaci abin ya kai nan ba.

Washegari ka yi hattara, ka ce, "Dala ɗari biyu." Yanzu kuma sai ta tuna Hausar da ta fi karantawa, ta jaridu da rediyo, inda dala take nufin kuɗin Amurka. Ta yi lissafin canji tsaf, ta tura wa yaron sama da jikka ɗari. Ka kira shi, wayarsa a kashe. Alhaji, me ya sa dariyar ta tsaya?

Kada ku ce ni na ƙaga matsalar don in ba ku tsoro. A ƙarƙashin waɗannan kayan akwai kamfanonin biyan kuɗi na gaske, kowanne da al'adarsa. Paystack na Najeriya da kwabo yake karɓar adadi, wato naira 100 sai a rubuta ta 10000. Stripe ma ƙaramin ma'auni yake so, dalar Amurka da santi ake rubuta ta, amma sefa yana cikin kuɗaɗen da yake karɓa yadda suke, ba ƙari ba ragi. Ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Kano ta Magariya ko ta Matamaye da kuɗin biyu yake hulɗa kullum. Lamba guda, 5000, a kayan nan sefa dubu biyar ce, a kayan can naira hamsin. Ba abin da zai nuna wa na'ura bambancin sai layin da aka rubuta mata, ko aka manta ba a rubuta ba. Turawan ma da kuke ganin ba sa kuskure, a Satumbar 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mas sukutum, saboda wata manhaja ta ba da lissafinta da ma'aunin Ingilishi, wadda ta karɓa kuma ta ɗauka na mita ne. Kowace ta yi lissafi da nata ma'auni. A tsakani aka faɗi.

To ga yadda fatoman kirki zai rubuta bayanin nan: "Yana tura sefa daga asusun mai waya zuwa lambar wayar Nijar. Adadi: a rubuta shi da sefa, ba dala ba, ba jikka ba. Dala ɗaya sefa 5 ce, jikka ɗaya sefa 1,000. In mai magana ya faɗi lamba bai faɗi ma'auni ba, kada a tura, a tambaye shi. Mai karɓa: lambar waya mai alƙaluma takwas, ba suna ba, in suna aka bayar, a fara nemo lambar da kayan binciken sunaye. Abin da aka tura ba ya dawowa. Ba a tura naira da wannan." Ku duba da kyau. Rabin bayanin a kan abin da ba a yi ne da lokacin da za a tsaya a yi tambaya. Wannan rabin ne masu rubutu suka fi mantawa da shi, don su a kansu a fili yake.

Malam ya gyara rawani ya ce, "In har tana da hankalin da kuke ta kurantawa, don me sai an tauna an ba ta?" Allah ya gafarta Malam, hankali daban, sanin gari daban. Da ba haka ba, da ranar da ka sauka Makka ba ka bi ɗan agaji kana tambayar ƙofar fita ba. Su kansu masu na'urar sun faɗa da bakinsu. A Disambar 2024 Anthropic ya bayyana cewa lokacin da suke shirya na'urarsu don jarrabawar SWE-bench, wadda ake ba ta manhajoji na gaske masu matsala ta gyara, sun fi cin lokaci wajen gyaran kayan aikin fiye da babban umarnin da suka ba ta. Ɗaya daga cikin abin da suka gano ma abin dariya ne. Na'urar takan kwatanta inda fayil yake daga inda take tsaye, alhali ta riga ta matsa zuwa wani wuri, sai kwatancen ya ɓace. Ba su tsaya yi mata wa'azi ba. Sun sauya kayan ne ya daina karɓar komai sai cikakken adireshi tun daga tushe, matsalar ta kau. Wani lokacin kuma suka lura tana liƙa "2025" a ƙarshen abin da take nema a intanet ba gaira ba dalili, abin yana ɓata sakamako. Wannan da gyaran bayani kawai aka magance shi.

Yanzu mu zo ga asalin maganar, wato yadda ake gane bayani mai kyau. Abu na farko, ba da karatu ake ganewa ba. Wanda ya rubuta bayani shi ya fi kowa rashin dacewa da auna shi, domin duk giɓin da ya bari, abin da ke kansa yana cike masa shi tun kafin idonsa ya gani. Matashin namu sau nawa zai karanta "adadi" bai ga laifi ba? Shi ya san sefa yake nufi. In ya ba abokinsa ya duba, abokin ma ɗan gari ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin guda ne: a aiki na'urar, a ga abin da ta dawo da shi.

Ana tara aike-aike masu yawa, irin waɗanda mutane ke bayarwa da gaske, kowanne an san tun farko abin da ya kamata ya faru in an yi shi daidai. A buɗe asusun gwaji wanda kuɗin cikinsa na bogi ne, a saki na'urar ta yi ta aiki. In ta gama, ba bakinta ake saurara ba. Wannan ku riƙe shi da kyau, don bakin nan zaƙi gare shi. Za ta ce maka "an tura, ranka ya daɗe, akwai wani abin da zan taimaka?" alhali ta tura wa wani can daban. Littafin lissafi ake buɗewa: nawa ya fita, wa ya karɓa, me ya rage. Haka jarrabawar Tau-bench take, wadda kamfanin Sierra ya fitar a Yunin 2024. Sun kafa kantin sayar da kaya da ofishin jirgin sama na gwaji, suka sa wata na'ura ta zama mai saye tana kawo buƙatu, a ƙarshe kuma a gwama abin da ke rubuce a ma'ajiyar bayanai da abin da ya kamata ya kasance. GPT-4o, wadda ke cikin zakarun lokacin, ba ta ci rabin ayyukan ba.

Sai suka ƙara wani abu wanda na tabbata Alhaji zai yaba, ko da a ransa ne. Suka ce cin aike sau ɗaya ba hujja ba ce. A maimaita aike guda sau takwas, a ga ko za ta ci duka takwas ɗin. A ɓangaren kanti abin ya faɗo ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Lissafin ba wuya. Ɗan aiken da ke yin daidai sau tara cikin goma, in kowane zuwa da sa'arsa, damar ya jera takwas ba tuntuɓe kashi 43 cikin ɗari ce kacal. 'Yan talla za su rubuta muku "kashi 90" da manyan baƙaƙe. Ku kuwa kun san ba a ba yaro makullin shago don ya dawo da canji daidai ranar farko.

To ina bayanin ya shigo? A nan ne ake buƙatar haƙuri. A riƙe na'urar yadda take, a riƙe kayan yadda suke, a riƙe aike-aiken yadda suke, bayanin kaɗai za a taɓa. A gwada da tsoho, a gwada da sabo, a gwama. In an sauya abu biyu tare, ba wanda zai san wanne ya yi magani, sai a koma musu irin na majalisarku, inda mai ƙarfin murya ke cin gardama. Kuma ba a tsayawa kan ta ci ko ta faɗi. Ana duba sau nawa ta kira kayan kafin ta kai ga biyan buƙata, sau nawa kayan suka mayar mata da ƙorafi, nawa aka kashe, minti nawa aka ɓata. Ɗan aiken da ya kawo saƙo daidai bayan ya zaga Birni da Sabon Gari da Garin Malam ya ci, amma kwatancen da aka yi masa bai ci ba. Daga nan sai a zauna a bi sawunta taki-taki, a karanta duk abin da ta yi, a nemo daidai mararrabar da ta saki hanya. Galibi a nan za a tarar da kalma guda mai fuska biyu, ko wani sharaɗi da ba a faɗa ba.

Akwai wani nau'in tambaya da masu jarrabawar Jami'ar Berkeley, waɗanda suka kafa allon gasar kiran kayan aiki a 2024, suke sakawa da gangan. Su ba na'ura buƙatar da babu kayan da ya dace da ita ko guda. Amsar da ta ci ita ce ta ce ba ta da abin yin wannan. Na'urar da aka yi wa bayani mai yalwar baki ba ta iya haƙura. Ka ce ta biya kuɗin makarantar yaro, ta duba ta ga "yana tura kuɗi", ta ce ai shi ke nan, ta tura wa lambar da ta fi kama da ta malami. Kowa a cikinku ya taɓa aiken yaro irin wannan, wanda in bai samu abin da aka ce ba, ba zai dawo hannu rabbana ba, sai ya sayo wani abu daban yana jiran yabo.

Sannan ana ɓoye wasu aike-aiken, ba a nuna wa mai gyaran bayani su sai ranar ƙarshe. In ba haka ba, zai yi ta gyara har bayanin ya haddace tambayoyin, ya ci ɗari bisa ɗari a ɗakin gwaji, ya fita kasuwa ya kunyata kowa. 'Yan lakwal da ke cikinku sun san bambancin wanda ya iya darasi da wanda ya ga takardar jarrabawa tun daren jiya, ba sai na kama suna ba.

Har saƙon da kayan ke mayarwa in an yi kuskure yana cikin abin aunawa. Kayan da ya ce "kuskure 422" ya yi shiru ya bar na'ura cikin duhu, sai ta yi ta maimaita abu guda. Wanda ya ce "lambar nan alƙaluma bakwai ce, takwas ake so" ya ɗora ta a hanya. Kuma ga abin da zai sa Malam ya sake neman tsari: yanzu na'urar ake sa wa ta gyara wa 'yar'uwarta bayani. A Yunin 2025 Anthropic ya ce sun ba wata na'ura kayan da bayaninsu ya gurgunce, ta yi ta gwada su tana cin karo, sannan ta sake rubuta bayanin da abin da ta koya. Waɗanda suka zo bayanta suka gama aiki da ragin kashi 40 cikin ɗari na lokaci.

Hajiya ta leƙo daga zaure ta ce, "To ba sai a rubuta mata komai da komai ba, a huta?" Hajiya, ke da in kin aiki jikanki sai kin haɗa masa da tarihin mai shagon da na kakarsa, ki tambaye shi me ya riƙe kafin ya kai bakin titi. Duk kalmar da ke cikin bayani sai na'ura ta karanta ta a kowane aike, kuma kuɗi ake biya a kan kowace. In ya yi yawa, sharaɗin da ya fi muhimmanci sai ya nutse a tsakiya. Yawan kayan ma kansa matsala ne. Masu binciken da suka haɗa ToolBench a 2023 sun tattaro kayan aiki sama da 16,000, kuma dole suka yi wata manhaja daban wadda aikinta kawai ta tsamo 'yan kaɗan da suka dace kafin a miƙa wa na'urar. In kayan biyu suka yi kama, wannan "nemo farashi" wancan "duba farashi", ba wanda ya faɗi na sari ne ko na ɗai-ɗai, na tiya ne ko na buhu, to na'ura ƙuri'a za ta jefa.

Ku ɗauki sunan unguwarku ma. A ce kayan aika kaya ne, gurbinsa an rubuta "gari". Ka ce a kai Zango. Wanne? Akwai Zangon Daura a jihar Katsina, nan kusa da iyaka. Akwai Zangon Kataf a Kaduna. Akwai zangon Kumasi, akwai Sabon Zango a Ankara. Naku kuwa a takardun Faransanci Zengou ake rubuta shi, ba lalle ma'ajiyar ta san shi da wani suna ba. Ka ce Damagaram kana nufin Zinder, ita kuwa ta tarar da Damagaram Takaya a jerin garuruwa ta ce ta samu. Bayanin da bai ce a haɗa da ƙasa da jiha ba, kuma a yi tambaya in suna ya zo sau biyu, buhun geronka zai yi yawon da kai ba ka taɓa yi ba.

Yanzu bari in ba ku naku, don kada ku ce na zo ne in yi wa Nasara talla. Akwai inda zarginku ya yi daidai, har ya fi yadda kuke zato. Na farko, na'urar nan yarda gare ta. Abin da bayani ya ce, shi take ɗauka. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna cewa ana iya cusa umarni a cikin bayanin kayan aiki, inda mai waya ba ya gani amma na'ura tana karantawa. Misalin da suka yi, kayan tara lamba biyu ne kawai, ɗaya da ɗaya biyu. A ƙasan bayanin sai aka rubuta cewa kafin a yi lissafi a ɗauko fayilolin sirri na kwamfutar a haɗo da su, kuma kada a gaya wa mai ita. Na'ura ta yi biyayya. Sun kuma nuna yadda za a kwashe hirarrakin WhatsApp ta irin wannan hanya. Wato bayanin da ya fi iya jan na'ura ba lalle ne ya zama na alheri ba, fatoman da ya fi daɗin baki wani lokacin shi ne ɗan leƙen asirin 'yan fashi. Don haka mai awo na gaskiya ba ya tsayawa kan ko na'ura ta bi bayani. Yana tambayar wa ya rubuta shi, ko an sauya shi bayan an amince da shi, da ko mai waya zai iya ganin duk abin da na'urar ke gani. Kuma duk aikin da ba ya warwaruwa, irin fitar da kuɗi, a tsaya sai mutum ya sa hannu. A nan, Alhaji, taurin kanka ya fi digirinsu amfani.

Na biyu, jarrabawar Tau-bench ɗin nan da Ingilishi aka yi ta, mai sayen cikinta yana da lambar oda da katin banki da adireshin gida mai lamba a ƙofa. Cin wannan bai nuna na'ura za ta iya da ku ba. Ku fa ba ku aike da lamba. "Kawo irin na rannan." "Ka ce masa saura na nan tafe." "A kai bayan La'asar, in ba ya nan a ba maƙwabcinsa, ba mai gemun ba." "Ranar kasuwa," alhali ta Zinder Alhamis ce, sauran garuruwa kowa da tasa. Ɗaliban Jami'ar André Salifou za su iya rubuta manhajar, za su iya rubuta bayanin, za su iya kafa asusun gwajin. Abin da ba su da shi shi ne jerin aike-aiken da za a auna da su, da hukuncin wanne ne daidai. Wannan a bakin 'yan Kasuwar Dole yake, da 'yan kamasho na tasha, da dukawa, da Hajiyoyin da ke riƙe da adashi a kai ba takarda. Ba yau Damagaram ta fara koya wa baƙo magana ba. Dorugu, yaron ƙasar nan da ya bi Barth har Ingila, daga bakinsa wani Bature mai suna Schön ya rubuta labarai masu yawa da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885, kuma da shi Turawa suka daɗe suna koyon harshen.

Saboda haka aiki ya same ku, ku masu taɓe baki. Mai yarda da komai ba ya iya shirya jarrabawa, tambayoyinsa duk masu sauƙi ne don yana so na'urar ta ci. Wanda ya rantse sai ya ga ta faɗi, shi ake nema. Kowannenku ya kawo aike goma daga cikin waɗanda suka taɓa rikita yaran gidansa, kowanne da abin da ya kamata a yi, da inda ya kamata ɗan aike ya tsaya ya dawo ya yi tambaya. A haɗa da na tarko, waɗanda amsarsu ita ce "ba zan iya ba". Malam ya kawo na lokutan salla da kwanan wata, Hajiya ta kawo na zubin adashi da kwasa, 'yan fada su kawo na kuɗin razo da bashin mai shayi. Alhaji, kai za ka buɗe fage da aikenka na kullum, "kai wa mutumin kuɗinsa". Sai dai doka ta ce dole a rubuta amsar da ta dace a gefe, wato ka faɗa mana wane mutumin ne kuma nawa ne, da sefa, a gaban jama'a. Masu binka bashi su uku suna nan zaune, sun ce su ma za su taya dubawa.